Notre-Dame: Kuɗin da Aka Hana Ginin Yana Tsaye, Aka Ba Shi Bayan Ya Ƙone

A shekarar 2017 masu kula da babban cocin Notre-Dame na birnin Paris sun rasa inda za su sa kansu. Duwatsun jikin ginin suna marmashewa. Gutsattsarin da suka zubo an tara su a bayan cocin, inda baƙi ba sa leƙawa. Wasu shingayen dutse an maye gurbinsu da katako, wasu indararo da aka sassaƙa da dutse kuma an sa bututun roba a madadinsu. An ƙiyasta cewa gyara na sosai zai ci Yuro miliyan 150, alhali gwamnatin Faransa, wadda ita ce mai ginin, abin da take warewa a shekara bai wuce kimanin miliyan 2 ba. Har Amurka aka kai ƙoƙon bara, aka kafa ƙungiyar Friends of Notre-Dame de Paris don neman tallafi a can. Shekara biyu bayan haka wuta ta cinye rufin cocin, kuma kafin a cika kwana uku alƙawuran gudummawa sun haura Yuro miliyan 800.

Wannan tazara, tsakanin miliyan 2 da miliyan 800, ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin labarin nan gaba ɗaya. An sake gina cocin, an yi aiki mai kyau ƙwarai, kuma ina ganin waɗanda suka yi shi sun cancanci yabo ba tare da ƙwauro ba. Amma yadda kuɗin ya zo, da wanda ya bayar, da abin da aka hana a yi da shi, duk suna buƙatar a zauna a duba su da kyau.

A fara da daren da abin ya faru. Ranar Litinin 15 ga Afrilun 2019, cikin makon da Kirista ke shirin bikin Ista, na'urar gargaɗin gobara ta yi ƙara da misalin ƙarfe 6:20 na yamma. Ma'aikacin da ke gaban na'urar sabo ne a wurin, kuma saƙon da ta nuna yana da rikitarwa. Sai aka tura mai gadi ya duba rufin wani ƙaramin gini da ke manne da cocin, inda limamai ke ajiye kayan ibada, maimakon rufin cocin kansa. Bai ga komai ba. Kafin a gane kuskuren, a hau matakala kusan 300 zuwa inda wutar take, an yi asarar kusan rabin sa'a. A ƙarƙashin rufin kuwa akwai abin da Faransawa ke kira “daji”, wato jerin manyan gumagumai na itacen oak da aka ɗora tun ƙarni na 13, sun bushe ƙayau. Babu na'urar fesa ruwa a wurin, babu katangar da za ta tare wuta. Da gangan aka ƙi sa su, don kada a taɓa tsohon katakon.

Gab da ƙarfe 8 na dare doguwar hasumiya mai tsini da ke tsakiyar rufin, mai tsawon mita 96, ta karye ta rufta, ta huda bakan gizon dutse da ke ƙarƙashinta. Daga nan shugaban 'yan kwana-kwana na Paris, Janar Jean-Claude Gallet, ya yanke shawarar haƙura da rufin, a mai da hankali kan hasumiyar arewa inda ƙararrawa takwas ke rataye a jikin katako. Da wannan katako ya ci, da ƙararrawan sun faɗo sun rusa hasumiyar, wataƙila su ja gaban cocin gaba ɗaya. Wata ƙaramar tawaga ta hau ciki da mesa, suka tare wutar a can. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Manyan tagogin gilashi masu launi guda uku masu siffar fure sun tsira, haka ma babbar na'urar kiɗa mai bututu kusan 8,000. Mutum-mutumin tagulla 16 da ke kewaye da hasumiya mai tsinin ma sun tsira, saboda kwana huɗu kafin gobarar aka sauke su don a gyara. Masu gabatar da ƙara na Paris sun ce ba su ga alamar da gangan aka sa wutar ba, sun fi karkata ga matsalar wayar lantarki ko guntun sigari.

Tambayar da mutane da yawa suka fara yi ita ce: ina inshora? Amsar tana cikin tarihin Faransa. Tun juyin juya halin 1789 gwamnati ta ƙwace kadarorin cocin Katolika, sannan dokar 1905 da ta raba addini da gwamnati ta tabbatar da tsarin da ake kai har yau. Manyan coci-coci 87 mallakin gwamnatin ƙasa ne, dubban ƙanana da aka gina kafin 1905 mallakin ƙananan hukumomi ne, cocin Katolika kuwa yana da ikon yin ibada a cikinsu kawai. Ita kuma gwamnatin Faransa ba ta sayen inshora kan irin waɗannan gine-gine, ita ce inshorar kanta. Ma'ana idan abu ya ƙone, daga baitulmali za a biya. Saboda haka a daren gobarar, nauyin sake ginin a wuyan masu biyan haraji yake, ba a wuyan Fadar Vatican ba, ba kuma a wuyan wani kamfanin inshora ba.

Wutar ba ta gama mutuwa ba iyalan Pinault, masu kamfanin Kering da ya mallaki Gucci, suka yi alƙawarin Yuro miliyan 100. Da gari ya waye Bernard Arnault da kamfaninsa LVMH suka ce miliyan 200. Iyalan Bettencourt Meyers da kamfanin L'Oréal da gidauniyarsu suka ce su ma miliyan 200. Kamfanin mai na Total ya ce miliyan 100. Da aka kammala lissafi an tara Yuro miliyan 846 daga masu bayarwa kimanin 340,000 a ƙasashe 150, kuma a cikin 'yan ƙasashen waje Amurkawa ne suka fi bayarwa. Adadin mutanen yana da daɗin ji, kuma gaskiya ne cewa akwai tsofaffi masu karɓar fansho da yaran makaranta da waɗanda ba Kirista ba a cikinsu. Sai dai waɗancan manyan masu bayarwa huɗu kaɗai sun ba da miliyan 600, sama da kashi biyu cikin uku na kuɗin duka.

Lokacin da abin ya faru ya ƙara wa maganar zafi. Faransa tana cikin wata na biyar na zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa, waɗanda suka fito kan tsadar mai da tsadar rayuwa. A daren gobarar ne ma Shugaba Emmanuel Macron ya shirya yi wa ƙasa jawabi kan koke-kokensu, sai aka ɗage. Mutanen da suka yi watanni ana gaya musu babu kuɗi sai suka wayi gari suka ga ɗaruruwan miliyoyi sun fito cikin sa'o'i. Shugaban ƙungiyar ƙwadago ta CGT na lokacin, Philippe Martinez, ya ce idan attajirai za su iya ba da wannan kuɗi don gini, to a daina cewa babu abin da za a magance talauci da shi. Ba na ganin gyaran cocin da ciyar da mabukata kishiyoyi ne, amma ban ga laifin wanda ya ji zafin abin ba.

Sai kuma batun haraji, wanda shi ne ya fi rikitarwa. A ƙarƙashin wata doka ta 2003, kamfanin da ya ba da gudummawa irin wannan ana rage masa kashi 60 cikin 100 na abin da ya bayar daga harajinsa, har zuwa wata iyaka, mutum ɗaya kuma kashi 66. Wato idan kamfani ya ba da Yuro 100, baitulmali ya yi asarar 60, shi kuma kamfanin 40 ne suka fita daga aljihunsa, amma sunansa ne za a ambata kan 100 ɗin. Jean-Jacques Aillagon, tsohon ministan al'adu da dokar ke ɗauke da sunansa, wanda kuma yake aiki da iyalan Pinault a lokacin, ya ba da shawarar a kai rangwamen kashi 90. Ca da aka yi masa ya sa ya janye. Iyalan Pinault suka sanar cewa ba za su nemi rangwamen ba, Arnault ma ya ce gudummawarsa ba za ta ci wannan gajiyar ba. Majalisa ta ƙara rangwamen zuwa kashi 75, amma ga ɗaiɗaikun mutane kaɗai, kuma kan Yuro 1,000 na farko. Ina ganin nan an yi daidai, kuma hayaniyar jama'a ce ta jawo haka.

Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙaddamar da gidauniya ya san bambancin abin da ake shelantawa a lasifika da abin da ma'aji ke gani a asusu bayan wata biyu. Paris ma ta ɗanɗana wannan. A watan Yunin 2019 ministan al'adu Franck Riester ya ce kimanin Yuro miliyan 80 ne suka shigo hannu, wajen kashi 9 cikin 100 na abin da aka yi alƙawari, kuma akasarinsu daga ƙananan masu bayarwa. Da kuɗinsu aka riƙa biyan ma'aikatan da ke tokare ginin a watannin farko, lokacin da ba a san ko zai tsaya ko zai rufta ba. Manyan sun ce sai an rattaba hannu kan yarjejeniya, an nuna musu abin da za a yi da kuɗin, sannan su riƙa saki kashi-kashi yadda aiki ke tafiya. Haka kuwa aka yi, kuɗin sun shigo daga baya. Ba za a ce sun saɓa alƙawari ba. Amma a lokacin da ginin ya fi bukatar agaji, mai Yuro 20 da mai Yuro 50 ne suka riƙe shi.

Abin da ya hana kuɗin salwanta, a ganina, shi ne dokar da majalisa ta zartar, aka sa mata hannu ranar 29 ga Yulin 2019. Dokar ta fayyace waɗanda ke da izinin karɓar gudummawa: baitulmali, da hukumar kula da gine-ginen tarihi ta ƙasa, da gidauniyoyi uku, wato Fondation de France, Fondation du patrimoine da Fondation Notre-Dame. Ta ce ba za a kashe kuɗin kan komai ba sai gyaran cocin da kayan cikinsa na gwamnati da horar da masu sana'ar da aikin ke bukata. Ta kuma kafa hukuma guda wadda ba ta da wani aiki sai wannan. Ko kujeru 1,500 da sabon bagadin tagulla ba daga wannan asusu aka biya ba, cocin Katolika na Paris ne ya nemi kuɗinsu daban. Gyaran filin da ke kewaye da ginin kuma birnin Paris ne ya ɗauki nauyinsa, Yuro miliyan 50. A shekarar 2020 kotun da ke binciken kuɗaɗen gwamnati ta fitar da rahoto tana ƙorafin cewa ana biyan albashi da hayar ofishin hukumar, kimanin Yuro miliyan 5 a shekara, daga kuɗin gudummawa, alhali ba don haka mutane suka bayar ba. Cewa akwai mai ido a kan asusun, yana kuma faɗin abin da ya gani a bainar jama'a, ya taimaka wajen sa manyan masu bayarwa su ci gaba da saki.

Washegarin gobarar Macron ya ce za a sake gina cocin cikin shekara biyar. Masana gine-ginen tarihi da yawa sun ce ganganci ne, sama da dubu daga cikinsu suka sa hannu a wata wasiƙa suna roƙon a bi a hankali. Suna da hujja. Babban cocin Reims da aka yi wa luguden wuta a 1914 sai a 1938 aka sake buɗe shi, duk da kuɗin da attajirin Amurka John D. Rockefeller ƙarami ya zuba. Mutane kuma sun lura cewa shekara biyar ta yi daidai da 2024, shekarar da Paris za ta karɓi wasannin Olympics. Macron ya damƙa aikin ga soja, Janar Jean-Louis Georgelin, tsohon babban hafsan hafsoshin ƙasar, mutum mai kaushin harshe. A gaban wani kwamitin majalisa a watan Nuwamban 2019 ya ce babban mai zanen ginin, Philippe Villeneuve, ya rufe bakinsa, saboda Villeneuve ya dage sai dai a mai da hasumiyar yadda take. Georgelin bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a watan Agustan 2023 a hatsarin hawan dutse a tsaunukan Pyrenees, mataimakinsa Philippe Jost ya gaje shi.

Rigimar hasumiyar ba ƙarama ba ce. Kwana biyu bayan gobarar firaminista Edouard Philippe ya sanar da gasar zane ta duniya, sai zane-zane suka cika intanet: rufin gilashi, lambu a saman cocin, hasumiyar haske, har da wurin ninƙaya. Masu son sabon abu suna da magana mai ƙarfi. Hasumiyar da ta ƙone ba ta asali ba ce. An fara gina cocin a 1163, ta asalin an sauke ta a ƙarshen ƙarni na 18 saboda ta lalace, wadda duniya ta sani kuwa Eugène Viollet-le-Duc ne ya zana ta aka ɗora a 1859, cikin babban gyaran da littafin da marubuci Victor Hugo ya rubuta kan cocin a 1831 ya zaburar da ƙasar ta yi. Idan ƙarni na 19 ya sa hannunsa, me zai hana ƙarni na 21? Kuma Faransa ta saba canza kayan rufi bayan gobara: a Chartres da ƙarfe aka mayar bayan wutar 1836, a Reims da kankare, a Nantes ma da kankare bayan wutar 1972.

A watan Yulin 2020 hukumar ƙasa mai ba da shawara kan kayan tarihi ta goyi bayan a mai da komai yadda yake, da itacen oak da dalma, Macron kuma ya amince. Ina tare da wannan hukunci, amma dalilin da ya fi gamsar da ni ba na ƙauna ba ne. Gasa za ta cinye shekaru, ga kuma cikakken bayanin abin da ya ƙone a hannu. Zane-zanen Viollet-le-Duc suna nan a ajiye. Wani malamin tarihin gine-gine a Amurka, Andrew Tallon, wanda ya rasu a 2018, ya riga ya auna ginin da na'urar laser. A 2014 kuma wasu masu zanen gini biyu, Rémi Fromont da Cédric Trentesaux, sun shiga cikin “dajin” suka auna gumagumansa ɗaya bayan ɗaya, suka zana yadda aka haɗa kowace gaɓa. A lokacin ba wanda ya ɗauki aikinsu da wani muhimmanci na gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya: da ba su yi ba, duk miliyoyin nan ba za su iya gaya wa kafinta yadda rufin yake ba. Fromont ya zama ɗaya daga cikin masu zane uku da suka jagoranci sake ginin.

Shekara biyu na farko ba gini aka yi ba, hana rushewa aka yi, kuma wannan kaɗai ya ci kusan Yuro miliyan 150. Da rufin ya tafi, nauyin da ke danne bangaye ya tafi, sai aka sassaƙa manyan bakuna na katako aka tallafe madogaran dutse 28 da ke tokare ginin daga waje. Mafi haɗari shi ne ƙarafan da aka kafa kewaye da hasumiyar don gyaranta kafin gobarar, guda 40,000 masu nauyin tan 200, waɗanda wuta ta narke ta cakuɗe su a sama. Kuskure ɗaya zai iya sa su rufto kan bakan gizon da ya riga ya raunana. Ma'aikata masu lilo da igiya ne suka riƙa sauka daga sama da zarto a hannu suna yanke su ɗaya-ɗaya, daga Yuni zuwa Nuwamban 2020. Ga kuma dalma sama da tan 400 da ta narke, ƙurarta ta bazu cikin cocin da unguwannin kewaye. An dakatar da aiki a bazarar 2019 saboda ita, an wanke makarantu, ƙungiyoyin kare muhalli sun shigar da ƙara kan jinkirin sanar da mazauna. Daga nan kowane ma'aikaci sai ya sa rigar kariya, ya yi wanka duk lokacin da zai fita daga wurin. Annobar korona ta sake tsayar da aikin a 2020.

Ɓangaren da na fi ƙauna shi ne na katako. An sare itatuwan oak kimanin 2,000 daga dazuzzukan gwamnati da na 'yan kasuwa a faɗin Faransa, yawancinsu kyauta aka ba da su. Na hasumiyar an sare su a farkon 2021, kafin ƙarshen hunturu, lokacin da ruwan itace bai hau ba. Akwai waɗanda suka yi ƙorafi kan sare itatuwan da suka haura shekara 100, masu kula da daji kuma suka amsa cewa ɗan ƙaramin kaso ne na abin da ake sarewa kowace shekara. Gumagumai na babban zauren cocin kuwa ba da injin tsaga katako aka gama su ba. Da gatari aka fafe su, itacen yana ɗanye, kamar yadda bincike ya nuna masassaƙan ƙarni na 13 sun yi. Kafinta zai kwantar da gungumen, ya ja layi a jikinsa da zare, ya sassara shi tsaka-tsaka har zuwa layin, sannan ya ɗauko gatari mai faɗin baki ya bi gefen yana fere shi har ya miƙe. Zarto yana yanka ƙwayar itace duk inda ya ga dama, gatari kuwa bin ta yake yi, shi ya sa gungumen da aka fafe ya fi jure nauyi kuma bai cika murɗewa ba idan ya bushe. Maƙera sun ƙera gatura kusan 60 musamman don aikin. Kamfanonin Perrault da Desmonts ne suka haɗa rufin a wuraren aikinsu, suka gwada shi, suka kwance, sannan aka kawo Paris.

Da yawa sun ɗauka wannan sana'a ta mutu. Ba ta mutu ba saboda akwai waɗanda suka riƙe ta lokacin da ba ta kawo kuɗi: ƙungiyoyin koyon sana'a na Compagnons, waɗanda almajiransu ke zagaya ƙasa suna koyo a hannun gwanaye, da ƙungiyar Charpentiers sans frontières da ta sassaƙa samfurin ɓangaren rufin da hannu a 2020 don nuna cewa abin zai yiwu, da wurin nan na Guédelon inda tun 1997 ake gina ganuwa da fada da kayan aikin ƙarni na 13. Mutum kusan 2,000 da kamfanoni 250 ne suka yi aikin Notre-Dame: masu sassaƙa dutse, masu rufin dalma, masu gilashi, masu gyaran zane. An kwance na'urar kiɗan nan bututu-bututu aka kai kudancin Faransa aka wanke, da aka dawo da ita kuma cikin dare ake daidaita sautinta, tsawon watanni, domin sai wurin ya yi tsit. Masu gyaran gilashi na babban cocin Cologne a Jamus sun karɓi tagogi huɗu suka tsabtace. Kuɗi ya biya waɗannan mutane, amma ba shi ya koya musu ba, kuma ba a cikin shekara biyar suka koya ba.

Sabon rufin ya bambanta da tsohon ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Yanzu akwai katangun tare wuta a cikinsa, da na'urorin da ke gano zafi da hayaƙi, da bututun da ke fesa ruwa kamar hazo. Abin da aka ƙi sawa don kare tsohon katako, an sa shi bayan katakon ya zama toka.

Ranar 7 ga Disamban 2024 babban limamin Katolika na Paris, Laurent Ulrich, ya ƙwanƙwasa ƙofar cocin da sandarsa, aka buɗe a gaban shugabannin ƙasashe da dama, washegari aka yi ibadar farko. An kashe kimanin Yuro miliyan 700, saura kusan miliyan 140. Wannan ragowar za ta tafi ne kan gyaran bayan ginin da madogaran dutse da ɗakin kayan ibada, wato ainihin wuraren da ke marmashewa tun kafin gobarar.

Wasu sun nemi a karkatar da rarar zuwa wasu coci-coci, amma doka ta hana, kuma na fahimci dalili: wanda ya ba da kuɗi don abu kaza, amana ce a kashe a kan abu kaza. Sai dai dubi inda hakan ya bar sauran. Faransa na da coci-coci sama da 40,000, mafi yawansu a hannun ƙananan hukumomin da wasunsu ba su kai mutum 500 ba, kuma dubbai daga cikinsu suna cikin mummunan hali. A shirin farfaɗo da tattalin arziki na 2020 an ware kimanin Yuro miliyan 80 don manyan coci-cocin gwamnati gaba ɗayansu, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na abin da Notre-Dame ita kaɗai ta samu. A watan Yulin 2020 aka sa wa babban cocin Nantes wuta, tsohuwar na'urar kiɗansa ta ƙone ƙurmus, ba a ga attajirai suna rige-rigen alƙawari ba. A 2023 Macron ya ƙaddamar da asusun taimaka wa coci-cocin ƙauyuka da burin tara miliyan 200 cikin shekara huɗu, abin da ya shigo a shekarar farko bai kai ko kashi ɗaya cikin goma ba. A wajen Faransa ma haka ne. Gidan tarihi na ƙasar Brazil da ke Rio ya ƙone a watan Satumban 2018 da kayan tarihi kusan miliyan 20 a cikinsa, gudummawar da ya samu ba ta kama ƙafar ta Paris ba. Gudummawa tana bin suna da kyamara, kuma rufin da ke yoyo a hankali ba ya fitowa a talabijin.

Wannan ne ya sa ministar al'adu Rachida Dati ta kawo shawara a watan Oktoban 2024 cewa a riƙa karɓar Yuro 5 daga masu yawon buɗe ido da ke shiga Notre-Dame. Kafin gobarar mutum miliyan 12 zuwa 13 ke shiga a shekara, ta ce za a iya tara miliyan 75 duk shekara a raba wa coci-cocin da ke lalacewa. Shugabannin Katolika na Paris suka ƙi. Sun ce ɗakin ibada ne, ƙofarsa a buɗe take ga kowa, kuma ba yadda za a tsaya a bakin ƙofa ana tantance wanda ya zo addu'a da wanda ya zo kallo. Dokar 1905 ma tana bayansu. Ina jin nauyin wannan hujja, ba na son ganin an sa wa wurin ibada kuɗin shiga. Amma wanda ya ƙi shawarar Dati, bashi ne a kansa ya faɗi inda kuɗin gyaran sauran zai fito, domin gwamnatin da ke fama da giɓin kasafi ba ta nuna alamar za ta ɗauki nauyin ba, ƙananan hukumomi kuma ba su da shi.

A daidai lokacin da ake wannan muhawara, gwamnati ta ci gaba da shirin cire tagogi shida na zamanin Viollet-le-Duc da ke gefen kudu na cocin, waɗanda wuta ba ta taɓa ba, a sa sababbi na zamani. Hukumar da ta ba da shawarar a mai da hasumiyar yadda take ta ƙi amincewa da wannan a watan Yulin 2024, mutane sama da 200,000 suka sa hannu a takardar koke, amma a watan Disamba aka zaɓi mai zane Claire Tabouret ta yi aikin. Kuɗinsa kusan Yuro miliyan 4 ne, ninki biyu na abin da ake ware wa gyaran cocin duka a shekara kafin 2019.